Waƙa ta Goma Sha Tara

Awa biyu da minti goma sha ɗaya,
waƙoƙi ashirin da shida.
Morven ta naɗe su a ɗakin sama,
ta rataya barguna a bango kada ƙarar titi ta shiga.
Ba kamfani, ba ubangida,
sai jita da tsohon fiyanon uwarta
mai maɓalli guda da ya mutu tun tana aji uku.

Ranar Juma'a faifan ya fito.
Kafin Litinin duk Dundee ta san
abin da na faɗa a kicin
shekara goma sha bakwai da suka wuce.

Wani mai sharhi daga Glasgow
ya ba ta taurari uku cikin biyar.
Ya ce akwai zinariya, amma sai ka tankaɗe buhun yashi,
ya ce da ta yanke rabi da ta yi zarra.
Na ajiye jaridar, shayina ya huce.
Wane rabin zai ɗauke mana?
Shekarun da uwarta ke raye, ko na baya?

Wata kuma daga London ta rubuta
wai uban da ke cikin faifan
alama ce ta garin da masaƙunsa suka rufe.
Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas,
ba wanda ya gaya mini ni alama ne.
Na karanta wa Struan, ya yi dariya har ya ƙware.

Yarinyar kantin magani ta miƙo ƙwayoyin hawan jinina,
idonta ja, ta ce, "Kai ne?"
Na ce ni ne, na karɓi canjina.
Wani saurayi a layin burodi
ya ce kullum barci ke sace shi a waƙa ta takwas,
bai taɓa sanin yadda muka ƙare ba.
Maƙwabciyarmu Elspeth ta daina gaishe ni:
an ambaci karenta sau biyu, ita ko sau ɗaya.
Daga Osaka wasiƙa ta zo, rubutun hannu,
wata ta ce mahaifinta ne sak, har tarin.

Kowa da abin da ya tsinta,
faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi.

Ni a mota na saurara,
a bakin kogin Tay, inji a kashe,
ruwan sama na ƙwanƙwasa rufi.
A waƙa ta goma sha tara
ta ce rigar sanyina shuɗiya ce. Ruwan ƙasa ce.
Ta ce a tasha ban waiwayo ba.
Na waiwayo, jirgin ne ya riga ya ja.
Sauran duk gaskiya ne,
har da farantin, har da kalmar.

Can wajen ƙarshe akwai wani ƙas, ƙas,
sau bakwai, a inda ya kamata sauti ya fito.
Mai sharhin ya kira shi sakacin naɗi,
ya ce da ta samu ƙwararre da ya goge.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Maɓallin nan ne. Na ce zan gyara,
na ce wa uwarta, na sake ce wa ita.

Ranar Lahadi ta kira daga Leeds,
muryarta ta dushe saboda wasan daren jiya.
"Baba, ka ji?"
Na ce, "Ya yi tsawo."
Ta yi dariya, irin ta uwarta, ta hanci.
"Ka kai ƙarshe?"
Na ce, "Sau huɗu."
Shiru ya ɗan zauna tsakaninmu,
sannan ta tambaye ni ko famfon banɗaki yana ɗiga har yanzu.
Na ce yana ɗiga.